Cinikin Tsohon Keke Mai Ninkewa

Kowane yaro a cikinku ya san keke, waɗansunku ma da shi su ke zuwa makaranta. Amma akwai wani irin keke wanda ba kowa ya taɓa gani ba, shi ne keke mai ninkewa. Ƙafafunsa ƙanana ne, sirdinsa yana bisa wani dogon ƙarfe, a tsakiyar jikinsa kuwa akwai gaɓa kamar gwiwar mutum. In mai shi ya sauka, sai ya kwance maɗaurin gaɓar nan, ya ninke keken biyu, ƙafar gaba ta zo kusa da ta baya. Daga nan sai ya ɗauka ya sa a bayan mota, ko ya jingine shi a lungun ɗaki.

A nan Sakkwato, a Sama Road, ina da wani maƙwabci dattijo, tsohon ma'aikaci, wanda ya ke da irin keken nan. A Ingila ya sayo shi tun yana saurayi, sa'ad da aka aika da shi kwas. Ya hau shi shekaru masu yawa, har gwiwoyinsa suka gaza, ya jingine shi a zaure. A shekarar 2023 jikarsa ta ci jarrabawa, za ta shiga makarantar kwana, ana bukatar akwati da katifa da tufafin makaranta. Sai ya kira ni ya ce, "Malam, kai ne mai lissafi. Nawa ka ke gani zan sayar da keken nan?"

Na ce, "Baba, nawa ka sa a ranka?"

Ya faɗi kuɗin da zai isa a sayi sababbin kekuna biyu. Ya ce ai keken Ingila ne, kuma bai taɓa yashe shi a hanya ba.

Gaskiya ya faɗa game da keken, amma lissafinsa bai yi daidai ba. Mai saye ba ya biyan kuɗin ƙaunar da ka ke yi wa kayanka, ba ya kuma tambayar wahalar da ka sha kafin ka same shi. Abin da ya ke so ya sani shi ne, wane irin keke ne, lafiyarsa ƙalau ko yana da aibi, kuma zai yi masa amfani ko ba zai yi ba. To, bari in gaya muku yadda muka bi muka gane kuɗinsa na gaskiya, domin wata rana ku ma za ku sayi tsohon abu, ko ku sayar.

Da fari sai mu san asalin irin kekunan nan. Sojoji ne suka fara matsa wa maƙera su yi su. Tun kafin shekarar 1900 sojojin Faransa suka gwada keken da soja zai ninke ya goya a baya in ya zo wurin da ba ya hawuwa. A Yaƙin Duniya na Biyu, watau daga 1939 zuwa 1945, kamfanin BSA na birnin Birmingham ya ƙera wa sojojin laima na Ingila keke mai ninkewa, domin in sun diro daga jirgin sama su buɗe su hau. Bayan yaƙi sai mutanen manyan birane suka ga ai su ma yana da amfani gare su, gama ɗakunansu ƙanana ne, kuma suna so su shiga jirgin ƙasa da kekensu. Kamfanin Raleigh na birnin Nottingham, wanda mu ke kira Rali, ya fito da wani ƙaramin keke mai suna Twenty a 1968, ya yi ta ƙera shi har 1984, waɗansu masu ninkewa, waɗansu marasa ninkewa. Wani Bature mai suna Andrew Ritchie ya tsara nasa a Landan, ya kafa kamfanin Brompton a 1976. Wani masani kuma, David Hon, ya kafa kamfanin Dahon a Amurka a 1982. Yau kamfanoni da yawa suna yin su, musamman a ƙasar Sin, kuma tsofaffinsu su kan shigo ƙasarmu tare da sauran kayan gwanjo.

Muka ɗauki keken dattijo muka kai wa wani mai gyaran kekuna wanda ya daɗe yana sana'ar. Wannan shi ne abin da ya kamata kowa ya fara yi, gama idon mai sana'a yana ganin abin da idon mai kaya ba ya gani. Ya goge goshin keken da tsumma, sai ga tambarin tagulla mai siffar kan zalɓe. Wannan tsuntsu shi ne alamar Rali. Sa'an nan ya durƙusa ya goge cibiyar ƙafar baya, inda giya ta ke. Kamfanin Sturmey-Archer, wanda ya yi giyar, ya saba buga shekara da wata a jikin cibiyar nan. Muka ga an buga 76, kusa da shi kuma 5, watau an yi ta a watan Mayu na 1976. Ku yi lissafi ku gani, daga 1976 zuwa 2023 shekara nawa ke nan? Amma fa ku lura, lambar nan shekarun ƙafar ta ke faɗa. In wani ya taɓa sauya ƙafar, to, ba ta gaya muku shekarun keken ba.

Da ya gama wannan bai dubi taya ba, bai dubi sirdi ba, sai ya tafi kan gaɓa. A nan ya daɗe ƙwarai, kuma a nan ya kamata mu ma mu daɗe.

Keke na kullum jikinsa ƙarfe ne haɗaɗɗe, ba inda ya rabu. Keke mai ninkewa kuwa an yanka shi biyu, gaɓa kaɗai ke riƙe da shi. Duk nauyin mahayi, da duk girgizar hanya, a kanta su ke sauka. In ta lalace keken ya mutu, ko da sauran jikinsa yana ƙyalli. Mai gyara ya buɗe gaɓar ya rufe har sau uku, yana sauraron ko za ta yi ƙara. Ya ɗaure ta tam, ya matse birkin gaba, ya tura keken gaba da baya, ya ɗora yatsa a kan gaɓar domin ya ji ko tana motsi. Gaɓa mai lafiya ba ta motsi ko kaɗan in an ɗaure ta. Sa'an nan ya wanke wurin da kananzir, ya fito da keken cikin rana, ya duba gefen waldar da kyau yana neman tsaga. Tsagar ƙarfe ta kan fara siririya kamar gashi, ta ɓuya ƙarƙashin datti. Kullum aka hau sai ta ƙara buɗewa, har ran da za ta karye gaba ɗaya, watakila mahayi yana tsakiyar titi tsakanin motoci da babura. Saboda haka keken da gaɓarsa ta tsage bai halatta a sayar wa kowa don hawa ba, sai dai a sayar wa masu gyara su cire abin da ke da amfani a jikinsa.

Na tambaye shi, in ta tsage ba a kai wa mai walda? Ya ce a kan kai, amma shi ba zai ɗora ɗansa a kai ba. Ya kuma ce in ka ga sabon fenti a wurin gaɓa kaɗai, sauran jiki kuwa tsoho, to, ka tambayi abin da aka rufe. Kekunan zamani da yawa da alminiyam a ke yin su, don su yi sauƙin ɗauka, shi kuwa alminiyam ya fi baƙin ƙarfe wuyar walda. Na dattijo na baƙin ƙarfe ne, yana da nauyi, amma gaɓarsa lafiya lau.

Akwai wani wuri kuma da a ke dubawa, shi ne dogon ƙarfen da ke ɗauke da sirdi. Dole ya hau ya sauka ba gardama, gama da shi a ke daidaita keken ga dogo da gajere. In tsatsa ta kama shi ya ƙi motsi, kuɗin keken ya ragu. A nan mu mutanen Sakkwato mun yi sa'a. Iskarmu busasshiya ce, ƙarfe ba ya saurin tsatsa kamar a Ikko da sauran garuruwan bakin teku. Amma abin da ƙasarmu ta bar wa ƙarfe ta kan karɓa a wurin roba. Zafin bazara ya kan busar da taya har ta tsattsage, ƙurar hunturu kuma ta shiga boris ta cinye giris.

Sauran dubawa bai ɗauki lokaci ba. Ya ɗaga kowace ƙafa ya juya, ya ga ba ta rawa. Sarƙa ta bushe amma ba ta saki ba. Robar birki ta ƙandare kamar dutse. Feda ɗaya tana ƙara, ƙararrawa ta ɓace. Duk waɗannan ƙananan aibobi ne, kuɗi kaɗan ke gyara su.

Sai muka zo kan taya, a nan kuwa muka gamu da matsala. Babban keken da manoma ke hawa ƙafarsa inci 28 ce, ta wannan kuwa inci 20. Saboda haka in babbar ƙafa ta juya sau 10, sai ƙaramar ta juya sau 14 kafin ta kai inda babbar ta kai. Kun ga ashe tayar ƙaramin keke ta fi saurin cinyewa, mai shi zai riƙa neman sabuwa. Abin mamaki kuwa, tayar da a ke kira inci 20 iri biyu ce, kuma ɗaya ba ta shiga wilin ɗaya. In kun duba gefen taya za ku ga lamba. Wata an rubuta 406, wata 451, watau faɗin wilin ke nan da milimita. Mai lamba 406 ita ce ta yawancin kekunan yara, ana samunta ko'ina. Keken dattijo kuwa, da ya ke don kasuwar Ingila aka yi shi, mai 451 ya ke ɗauka, ita kuwa sai an nema. Mai gyara ya ce sai ya yi saƙo Kano. Keke ko ya kai zinariya kyau, in kayan gyaransa suna da wuyar samu a garinku, kuɗinsa a garinku ya ragu.

Yanzu mun san keken, saura mu san kasuwa. Na tafi Babbar Kasuwa wurin masu sayar da kekuna, na yi ta tambaya. A nan akwai abin lura. Kuɗin da mai kaya ya fara faɗa dabam, kuɗin da ya ke sallamawa dabam. Wanda ya ji na farko ya koma gida yana murna ya ruɗi kansa. Sai ka tsaya ka ga an yi ciniki a gabanka, ko ka taya da kanka har ka ji inda mai kaya ya tsaya. Kada kuma ka tambayi mutum ɗaya, tambayi uku ko huɗu.

Farashi yana sauyawa kowace shekara, saboda haka lissafin da zan ba ku na misali ne kawai. Mu ƙaddara tsohon keke mai ninkewa, lafiyayye, wanda za a hau nan take, ana sallama shi naira 60,000. Namu kuwa yana bukatar taya biyu da robar ciki ta naira 16,000, da robar birki da ƙararrawa na naira 2,000, da giris da ladan mai gyara naira 4,000. Jimlar gyara ta zama naira 22,000. In ka ɗebe 22,000 daga 60,000 saura 38,000. To, wannan shi ne kimanin abin da mai hankali zai biya in zai sayi keken yadda ya ke. In kuwa ɗan kasuwa ne zai saya don ya gyara ya sayar, ba zai kai haka ba, gama shi ma yana neman riba, ba kuwa laifi ba ne.

Dattijo ya ce ko a yi wa keken sabon fenti? Na hana shi. Wanki da shafa mai da sauya robar birki suna ƙara wa keke daraja fiye da abin da aka kashe, gama mai saye yana iya hawa ya gwada. Fenti kuwa yana cin kuɗi, yana rufe tambari, yana kuma sa mai saye zato. A Turai ma akwai masu tara tsofaffin kekuna, su kuwa sun fi son keke da fentinsa na asali ko da ya koɗe. Keken sojan laima na BSA yana da tsada ƙwarai a wurinsu. Amma kada wannan ya ruɗe ku. Masu tara kayan tarihin nan ba su zo Sama Road ba, kuma Rali Twenty an yi shi da yawa, ba abu ne mai wuyar gani a can ba.

Lokacin sayarwa ma yana da tasiri. Da kaka mutanen karkara suna da kuɗi a hannu, da bazara kuwa kowa yana tattalin abin da ya rage. A shekarar 2023 kuma, tun daga ƙarshen watan Mayu da gwamnati ta janye tallafin man fetur, kuɗin mai ya ninka fiye da sau biyu, mutane da yawa suka fara tunawa da keke.

Saura abu ɗaya, wanda a ganina ya fi sauran nauyi in ban da gaɓa, shi ne wa za a sayar wa. Mutum na fari da ya zo gani mai lambu ne, yana neman abin da zai riƙa ɗauko albasa daga fadama. Ya dubi ƙananan ƙafafun nan ya yi dariya, ya ce ko kyauta aka ba shi sai dai ya ba yara. Bai yi ƙarya ba. Ƙaramar ƙafa tana nutsewa cikin rairayi, kuma keke mai gaɓa ba na ɗaukar buhu ba ne. Na biyu mai sayen tsofaffin kekuna ne, ya yi tayin da bai kai rabin lissafinmu ba. Dattijo ya ce, "Albarka." Kun san wannan ita ce kalmar da mai kaya ke faɗa in bai yarda da tayi ba, ba a cewa "a'a" gatsau a ciniki. Kada kuma ku ruɗe, taya ta keke dabam, taya ta ciniki dabam, ko da ya ke rubutunsu ɗaya. Ku faɗe su da ƙarfi, za ku ji muryarsu ta bambanta.

Ranar nan dattijo ya karai, ya ce ko dai a kira mutumin a sallama masa. Na ce ya dakata mako ɗaya. Muka gaya wa mai gyara ya sa mana ido, watau ya zama dillali. Aikin dillali shi ne ya haɗa mai saye da mai sayarwa, a ba shi la'ada. Wajibi ne a yanke la'adar tun kafin ciniki, a kuma san wanda zai biya, don kada a yi rigima daga baya. In an shirya naira 5 cikin kowace 100, aka sayar da keke naira 40,000, la'adarsa naira 2,000 ke nan.

Bayan kwana biyar ya kawo wani saurayi, malamin makaranta, wanda aka tura wani ƙauye. Kullum ya kan shiga mota daga Sakkwato ya sauka a bakin titi, sa'an nan ya taka da ƙafa tafiyar kusan awa guda kafin ya kai makarantar. Babban keke ba ya shiga mota sai an ɗaure shi a bisa, a kuma biya masa kuɗi. Wannan kuwa sai a ninke a sa a baya. Keken da mai lambu ya ƙi ko kyauta, ga wanda ya ke nemansa ido rufe.

Dattijo ya tambaye shi, "Ɗana, hanyar taku rairayi ce ko tsakuwa?"

Ya ce, "Tsakuwa ce, Baba, sai wuri ɗaya kusa da rafi."

Ya ce, "To, a nan sai ka sauka ka tura. Kuma ka sani tayarsa ba irin ta kekunan yara ba ce, sai an yi saƙo Kano. In ka samu, sayi biyu ka ajiye."

Na ga dillali ya ɗan ɓata fuska, yana tsoron ciniki ya lalace. Amma abin da dattijo ya yi shi ne daidai. Malamanmu na fiƙihu sun hana ɓoye aibin kaya, sun kuma ce wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa. Banda wannan ma, malamin da ya ji an gaya masa aibi tun bai tambaya ba, sai ya amince da sauran maganar.

Ya hau ya kewaya unguwa, ya gwada giya uku ɗin, ya matse birki, ya dawo ya taya. Dattijo ya ce albarka. Ya ƙara, aka ce albarka. Dillali ya sa baki, wannan ya hau kaɗan, wancan ya sauko kaɗan, har suka haɗu ɗan sama da lissafin da muka yi. Dattijo ya ce, "Na sallama. Allah ya sa albarka."

Ciniki bai ƙare a nan ba. Kekuna suna cikin abin da ɓarayi ke sacewa, wanda aka kama da keken sata kuwa yana iya kwana a hannun 'yan sanda ko da da kuɗinsa ya saya. Saboda haka kowane keke yana da lamba da aka buga a jikin ƙarfensa, wani a ƙarƙashin inda feda ta ke, wani a ƙarƙashin sirdi, wani kusa da ƙafar baya. Na ɗauki takarda na rubuta kwanan wata, da sunan mai sayarwa da na mai saye, da irin keken da launinsa da lambarsa, da kuɗin da aka biya, da maganar taya da aka bayyana. Na rubuta biyu, kowa ya riƙe ɗaya. Ni da mai gyara muka sa hannu, mu ne shaidu. Aka ƙirga kuɗi a gabanmu, aka ba dillali la'adarsa.

Kuɗin ya sayi akwati da tufafin makaranta, katifa kuwa sai da kawun yarinyar ya cika. Kafin malamin ya tafi, dattijo ya sa shi ya ninke keken ya buɗe sau biyu a gabansa, ya nuna masa yadda a ke ɗaure gaɓar har ta kama, ya ce kowace safiya ya taɓa ta da hannu kafin ya hau. Sa'an nan ya shiga ɗaki ya ɗauko wata 'yar sifana wadda ta zo tare da keken daga Ingila, ya miƙa masa, ya ce wannan ba ta cikin ciniki.